Kason Bashir a Gidan Injiniya

Duk lokacin da ɗalibanmu na ƙungiyar 'yan Nijeriya suka tambaye ni sana'ata, na ce musu ina karɓo wa mutane kuɗin da kotu ta ce a biya su, sai in ga sun yi murmushi. Wani daga cikinku ya taɓa ce mini, "Anti Sa'a, ai wannan ba aiki ba ne. Alƙali ya riga ya gama komai, ke kawai cakin kuɗin za ki je ki karɓo." Ban ba shi amsa a wurin ba, don ni ba ni da baki a cikin taro. Shi ya sa na zauna na rubuta muku.

Alƙali ba ya ba kowa kuɗi. Takarda yake bayarwa, mai cewa wane yana bin wane kaza. Daga nan ya rufe fayil ya kira shari'a ta gaba. Wanda ya ci shari'ar zai fito yana murna, ya kira gida ya ce an gama. Sai bayan wata biyu ko uku, da ya ga ko sisi bai shigo ba, sannan ya zo ofishinmu. Daga inda alƙali ya tsaya, daga nan aikinmu yake farawa.

Daga Zariya na zo ƙasar nan karatu, kuma har yau ɗaliba nake, don da yamma ina zuwa ajin koyon lauya. A shekarata ta biyu na sami aikin jera fayil a wani ɗan ofis a Annandale, a saman gidan burodin wasu 'yan Koriya. Mai ofishin wani tsohon lauya ne Bature, Mista Holt. Ba shi da wata harka sai bin hukuncin da aka ƙi biya, a jihohin Virginia da Maryland. Ya ce abin da ya sa ya ɗauke ni shi ne ya bar ni a ɗakin jira ya manta da ni, da ya fito ya tarar da ni ina karatu, ban ko duba agogo ba. Ya ce mai wannan halin shi yake nema, don yawancin aikin jira ne.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai kwamfuta, inda muke duba bayanan kotuna da rajistar gidaje da ta kamfanoni. Akwai takardar da kotu take ba mu mu kai wa banki ko wurin aikin mutum, a riƙe kuɗinsa kafin su kai hannunsa. Akwai sammaci, wanda da shi muke kiran mutum ya zauna ya yi rantsuwa ya amsa tambayoyi a kan abin da ya mallaka. Sai kalanda, domin kowane hukunci yana da wa'adi. A Maryland shekara goma sha biyu ne, in ba ka sabunta shi ba ya mutu, ko da kai ne da gaskiya. Abu na farko da Mista Holt ya koya mini ke nan. Na biyu kuwa, ya ce kada in taɓa tsanar wanda muke bi. Mai jin haushi yana gaggawa, mai gaggawa kuma yana kai takarda banki ranar da asusun ba komai.

Aikin da nake so in ba ku labarinsa na Madam Rifkatu ne. Nas ce, 'yar kudancin Kaduna, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyu da gida a garin Bowie na jihar Maryland. Ta shigo ofis da kayan asibiti a jikinta, ta ajiye hukuncinta a kan teburina. Da ta ji Mista Holt ya kira sunana sai ta dube ni ta ce, "Ke Bahaushiya ce? Kai, Allah na gode. Ƙanwata, zauna in gaya miki da bakinmu, na gaji da Turanci."

Wani Bashir ne ya shigo mata da maganar haɗa jari, su riƙa sayen motocin gwanjo suna turawa Kwatano. Ta san gidansu. Mahaifinsa Injiniya Lawal dattijo ne da kowa yake girmamawa a Gaithersburg, Musulmi da Kirista, duk wanda ya zo sabo yakan ci tuwon gidansa. Saboda darajar uban ta ciwo bashi a kan gidanta, kusan dala dubu casa'in, ta ba ɗan. Mota ko ɗaya ba ta hau jirgi ba. Ta kai ƙara ta ci. Yanzu tana biyan bashi biyu a kan gida ɗaya, da albashin nas.

Na yi makonni ina tonon Bashir. Motar da yake hawa da sunan matarsa take. Gidan da suke ciki haya ne. Ba shi da albashin da za a riƙe, don dillancin motoci yake yi, hannu da hannu ake biyansa. Muka kira shi da sammaci, ya zo da shadda mai kyau da agogo mai tsada, ya rantse cewa agogon na abokinsa ne. Da aka tashi ya tsaya a bakin teburina ya ce, "Ke ba Sa'adatu ba ce, mai zama a layin baya a masallaci? Ashe ke ce kike tona wa 'yan'uwanki asiri saboda Bature." Na ce masa a sauka lafiya.

Abu ɗaya kawai na gano, shi ma ba nasa ba ne. Gidan Gaithersburg da sunan Injiniya kaɗai yake, ya gama biya tun tuni, kamar yadda dattawanmu suke yi, ba sa sa sunan mata a takardar gida. Bashir kuma shi ne namiji tilo, sai 'yan'uwa mata uku. Na san irin su Injiniya ba sa mutuwa ba su bar wasiyyar cewa a raba dukiyarsu yadda addini ya ce ba. In haka ne, kason Bashir shi ne mafi girma.

Madam Rifkatu ta ce, "To a je a riƙe kason nasa mana tun yanzu."

Mista Holt ya girgiza kai. Nan ne inda yawancin mutane suke ruɗewa, ku ma ku riƙe shi. Gadon da ba a ci ba tukuna ba dukiya ba ne a idon doka. Muddin uban yana numfashi, gidansa ne. Yana iya sayarwa, yana iya kyautarwa, yana iya sake wasiyya gobe. Ba kotun da za ta ba ka takardar riƙe abin da mutum yake sa ran samu. Abin da za mu iya shi ne mu yi wa hukuncin rajista a ƙaramar hukumar da gidan yake, mu kiyaye wa'adinsa, mu jira.

Ta ce, "Wato in zauna ina jiran mutuwar Baba Injiniya? Mutumin da ya zo jana'izar mijina?"

Mista Holt ya ce, "Ke kada ki jira. Mu ne za mu jira, aikinmu ne."

Ni aka ɗora wa jiran. Kowace Litinin da safe sai in buɗe shafin ofishin rajistar wasiyya in rubuta sunan Injiniya, in ga ba komai, in rufe. Ranar Juma'a kuma in gan shi a harabar masallaci da sandarsa, in rusuna in gaishe shi, ya ce, "'Yar Zazzau, ya karatu?" In ce alhamdu lillahi, Baba. Haka muka yi shekaru.

Shekarar korona ita ce mummunar shekararmu. Kotuna suka rufe, ba a ba da takardar riƙe kuɗi, wuraren aikin da muke karɓar albashin mutane suka sallami ma'aikata. Mu huɗu ne a ofis, muka koma ni da Mista Holt kaɗai, shi ma daga gida. Masu burodin ƙasa suka rufe ba su sake buɗewa ba. Madam Rifkatu ta kamu da ciwon a wurin aiki, ta daɗe a kwance, biyan gida ya tsaya. Banki ya ɗaga mata ƙafa na wani lokaci, amma abin da aka ɗaga bai ɓace ba, taruwa ya yi yana jiranta. A shekarar aka kwantar da Injiniya a asibiti, kowa ya cire rai. Ya tashi. Ta kira ni ta ce, "Ƙanwata, an ce Baba ya warke. Na gode wa Allah, da gaske nake. Ki rubuta a fayil ɗinki cewa na gode wa Allah." Na rubuta.

Bayan shekara biyu ya rasu, a gida, da rana tsaka. Na je ta'aziyya kamar kowa, na zauna a ɓangaren mata, na yi addu'a na fito, ban buɗe baki a kan komai ba. Na gaya wa Mista Holt cewa abin da na gani ko na ji a gidan makoki ba na ofis ba ne. Ya ce ya yarda. A lokacin banki ya riga ya fara shirin karɓe gidan Bowie, an aiko wa Madam Rifkatu sanarwa.

Da aka buɗe fayil ɗin gadon, sai ga shi kamar yadda na zata. Wasiyya ta ce a raba bisa addini, babbar 'yarsa Dakta Zainab ita ce mai kula da dukiyar. Ranar da na gani, ranar muka nemi takardar riƙewa, aka kai wa Dakta Zainab: duk abin da ya zama kason Bashir, kada ta ba shi. Madam Rifkatu ta kawo mana meat pie cike da kwali. Mista Holt bai ci ba. Ya ce akwai sauran ƙofa ɗaya, yana fatan Bashir bai san da ita ba.

Ya sani, ko in ce ya sami lauyan da ya sani. Bayan 'yan makonni aka shigar da takarda mai shafi ɗaya, Bashir ya sa hannu cewa ya ƙi gadon, ba ya so. Dokar nan ta yarda da haka. Ba a tilasta wa mutum karɓar gado. In ya ƙi, sai a ɗauke shi kamar ya riga uban mutuwa, kason ya wuce ga na bayansa, mai bin sa bashi kuma ba shi da ta cewa, don dukiyar ba ta taɓa shiga hannunsa ba. Gida ya zauna a cikin dangi, Bashir ya ci gaba da cin moriyarsa, Madam Rifkatu ta tashi a tutar babu.

Mista Holt ya cire tabarau ya ajiye. Ya ce, "Sa'adatu, ki kira ta. Gara ta ji daga bakinki."

Ban kira ba. Na ɗauki littafin dokar na karanta sashen tun daga farko, har da ƙananan sharuɗɗan ƙarshe. Ƙin gado yana da sharaɗi. Dole ya zama mutum bai riga ya karɓa ba, bai kuma ba wani ba. Ba ka da ikon cewa na ƙi, amma a ba wane. Da zarar ka nuna wanda za a ba, to ka karɓa ke nan ka yi kyauta da shi, kuma wanda ake bi bashi ba shi da ikon kyautar da dukiya don ya kuɓuce wa mai binsa.

Na koma na ce wa Mista Holt, "A wurinmu ba a yafe gado a iska."

Ya ce in yi masa bayani. Na ce mutanenmu ba sa jiran kotu. Bayan sadakar arba'in akan kira malami, a zauna a falo, a faɗa wa kowa kasonsa. Kuma ban taɓa jin wanda ya tashi a irin wannan zama ya ce na ƙi, ya yi shiru ba. Cewa ake yi na bar wa wance, na bar wa wane. Bashir ya san muna jiransa. Kafin ya ga lauya, dabarar da za ta fara zo masa ita ce ya ce ya bar wa mahaifiyarsa, a gaban mutane, ya sami suna ya kuma tsira da gidan.

"Kin ji an yi haka?"

"Ban ji ba. Ban je zaman ba, ban tambayi kowa ba."

"To zato ne."

Na ce zato ne.

Malamin da ya kamata ya yi rabon ya tafi Nijeriya, ba ranar dawowa. 'Yan'uwa mata ba za mu dogara da su ba, gidan ubansu ne. Saura mutum ɗaya, Hajiya Mairo, matar marigayin. Mista Holt yana da doka a ofis: kada ka yi wa shaida tambayar da ba ka san amsarta ba. Ya ce in Hajiya ta rantse ta ce ba a yi ba, mun rufe wa kanmu ƙofa da hannunmu, ba sauran abin da za mu kai wa alƙali. Na ce in ba mu tambaya ba ma a rufe take. Sai ya ce in shirya sammaci.

Sai ga wata matsalar. Hajiya tana cikin takaba, ba za ta fita ba. Lauyan Bashir ya yi tsalle ya kama wannan, ya ce a jira ta fita. In aka jira, banki ya riga ya yi gwanjon gidan Bowie. Muka ce to mu za mu je mata. Aka yi ta ja, a ƙarshe alƙali ya ce a ɗauki shaidarta a gidanta.

Ranar da muka je, na sa Mista Holt ya cire takalmi a bakin ƙofa, ita ma matar da take buga duk abin da aka faɗa a na'urarta ta cire nata. Kotu ta turo tafinta, wani Malam Isufu, mutumin Maraɗi. Madam Rifkatu ta zo kai tsaye daga aiki, ta ƙi hawa kujera, ta zauna a ƙasa kusa da ƙofa. Bashir yana gefen lauyansa yana kaɗa ƙafa. Dakta Zainab tana tsaye a bayan uwarta. Hajiya tana kan darduma, ta jingina da kujerar da mijinta yake zama, da carbi a hannu. Na durƙusa na gaishe ta, na sake yi mata ta'aziyya. Ta amsa ba ta dube ni ba.

Mai na'ura ta ce ta ɗaga hannu. Malam Isufu ya ce, "Hajiya, rantsuwa ce za ki yi, cewa gaskiya za ki hwaɗi."

Ta ce, "Ina cikin takabar mijina za a sa ni rantsuwa?"

"Haka dokarsu take, Hajiya."

Ta ɗaga hannun da carbin yake.

Ni na tsara tambayoyin, Mista Holt yana karantawa, Malam Isufu yana juyawa. Sunanta. Shekarun aurensu. Ko an yi sadakar arba'in. An yi. Ko malami ya zo. Ya zo. Ko an zauna a kan maganar gado. Nan lauyan Bashir ya ce bai yarda da tambayar ba, Mista Holt ya ce an ji, ta amsa. Hajiya ta ce an zauna. Bashir ya daina kaɗa ƙafa.

"A wannan zama, ɗanki Bashir ya ce wani abu a kan kasonsa?"

Ta ja carbi, ta ja, na'ura ta tsaya cik. Sai ta juyo ta dube ni, karo na farko.

"Ke 'yar nan. Ke kika kawo su. Gaya mini da Hausa, in na ce ya ce, me zai faru?"

Na ce, "Hajiya, ki gafarce ni, ba ni da ikon ba ki shawara. Ni ta ɓangaren can ce."

"Ta ɓangaren can," ta maimaita. "To."

Bashir ya ce, "Hajiya, ai mun yi magana. Hira ce kawai aka yi ran nan, ba a yanke komai ba."

Mista Holt ya ce a rubuta cewa Bashir ya yi wa shaida magana, a kuma fassara abin da ya ce. Malam Isufu ya fassara. Lauyan Bashir ya dafa hannunsa ya ce ya rufe bakinsa. Dakta Zainab ta nemi a ba su hutu. Mista Holt yana da ikon ƙi, tunda akwai tambaya a ƙasa ba a amsa ba. Ya dube ni, na gyaɗa kai, ya ce a je.

Ba su fita ba, don Hajiya ta ƙi tashi. A nan gabanmu Dakta Zainab ta tsuguna ta ce, "Mama, ki saurare ni. In kika ce ya ba ki kasonsa, kotu za ta ɗauke kason ta biya matar can. Mu ba mu da kuɗin da za mu fanshe shi. Sai an sayar da gidan nan. In kika ce bai ba ki ba, gida yana nan."

"Ita kuma fa?"

"Banki zai karɓe nata."

Hajiya ta leƙa bakin ƙofa. "Ke ce Rifkatu? Matar marigayi Yohanna?"

"Ni ce, Mama."

"Alhaji ya je jana'izarsa. Ya dawo yana cewa an bar yarinya da marayu." Ta juya ga ɗanta. "Kuɗin marayun ne ka ce mini ɗan saɓani ne na kasuwa?"

"Hajiya, kasuwa ce ta faɗi. Kowa yana asara. Yanzu saboda wata can za ki bar gidan da kika yi shekara talatin a ciki? Ina za ki zauna? A ginin ƙasan gidan Zainab?"

Madam Rifkatu ta sunkuyar da kai tana murza igiyar katin aikinta. Ni kuwa ina kallon takardar tambayoyina, ba sauran ko ɗaya a ƙasan waccan. In amsar ta zo a'a, sai mu sa takalmanmu.

Hajiya ta ce wa Malam Isufu, "Gaya wa matar nan ta kunna abinta."

Aka koma kan aiki. Mista Holt ya maimaita tambayar.

Ta ce, "Ya ce. Bayan la'asar ne. A nan inda Baturen nan yake zaune, nan ya durƙusa. Ya ce, Hajiya, kasona duka na bar miki, halak malak, duniya da lahira. Malam ya tambaye shi sau uku, ya ce ya bari. Na ce na karɓa. Na ɗora hannuna a kansa na sa masa albarka, aka shafa fatiha." Ta dakata har Malam Isufu ya gama juyawa, sannan ta ƙara, "A rubuta har da albarkar. In na ce bai ba ni ba, to a kan me na sa masa ita?"

Bashir ya miƙe tsaye. "Hajiya, kin kashe ni."

"Zauna, akwai baƙi."

Bai zauna ba. Ya fita ko takalmi bai tsaya ɗaurawa ba, muka ji tashin motarsa. Mista Holt ya ce ba shi da sauran tambaya. Lauyan Bashir ma ya ce ba shi da ita. Madam Rifkatu ta rarrafo za ta kama ƙafar Hajiya, Hajiya ta janye ƙafar ta ce, "A'a. Ba don ke na yi ba. Tashi ki tafi wurin 'ya'yanki."

Sauran aikin takarda ne, irin wanda kuke cewa mai sauƙi. A daren ranar na fara rubuta buƙatarmu, Mista Holt ya gyara, muka shigar. Muka kai wa lauyoyin banki kwafin shaidar, suka yarda su ɗage gwanjon. Alƙali ya soke takardar ƙin gadon, ya ce Bashir ya riga ya karɓa tun ranar da ya bayar, kyautar kuma ba ta tsaya ba tunda ana bin sa. Aka yi watanni ana neman yadda 'yan'uwa matan za su fanshi kason, bai yiwu ba. Aka sa gidan Gaithersburg a kasuwa, wasu 'yan Habasha suka saya. Daga kason Bashir aka biya Madam Rifkatu, ta biya banki, abin da ya rage kaɗan aka ba shi. Mista Holt ya ɗauki ladan ofis, ni na rufe fayil na kai shi ɗakin ajiya.

A masallaci an daɗe ana maganar. Wasu suka ce na shiga gidan takaba da Bature na fitar da tsohuwa daga ɗakinta. Wasu matan da muke gaisawa suka daina. Ban yi musu da kowa ba, don abin da suka faɗa ya faru. Duk wanda yake son wannan sana'a a cikinku ya san cewa kuɗin da za ka karɓo wa wani, daga hannun wani za su fito, kuma sau da yawa ba daga hannun mai laifin kaɗai ba.

Hajiya ta koma gidan Dakta Zainab. Ban sake ganinta ba sai ranar babbar salla, a filin idi, tana kan kujerar roba a ƙarshen sahun mata. Na yi niyyar in wuce ta baya, sai na ga ta riga ta gan ni. Na je na durƙusa na ce, "Hajiya, barka da salla."

Ta ce, "Barka kadai." Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Matar nan tana gidanta?"

Na ce, "Tana nan, Hajiya. Ita da yaran."

Ta ce, "To."

Ta juya ta ci gaba da magana da ta kusa da ita. Na jira kaɗan ko za ta ƙara wani abu. Ba ta ƙara ba, na tashi.